Idan Doki Ya Yi Tuntuɓe Da Kai: Abin Da Za Ka Duba Da Yadda Ake Jinya

Mai ƙafa huɗu ma yakan faɗi, balle mai biyu. Duk wanda ya daɗe a kan sirdi ya san yadda abin yake. Kuna tafe lafiya ƙalau, sai ka ji gaban doki ya nutse, wuyansa ya ɓace daga gabanka, kai kuma ka yi gaba kamar an fizge ka. Galibi a nan abin ke tsayawa, doki ya janyo ƙafa ya miƙe ku ci gaba. Amma wani lokaci sai ya kai gwiwa ƙasa, ko ya kifa da hanci, ko ya wuntsila gaba ɗaya da mutum a bayansa. Ƙafafun gaba su ke ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin doki, matsakaicin doki kuma yakan kai kilo 450 zuwa 500. Ƙara naka nauyin da na sirdi. In ƙafar gaba ɗaya ta kuɓuce, duk wannan kaya gaba zai yi.

Magana ɗaya nake so ka riƙe tun daga nan: kada ka gaskata abin da jiki ya gaya maka a awar farko, naka ne ko na dokin. Jini da zafi, tsoro da kunya sun danne ciwo, kai kana cewa "ba komai", shi ma yana taka ƙafar kamar lafiyarta lau. Raunukan da suka fi nakasa mutum da doki su ne waɗanda ba sa nuna kansu sai dare ya yi, ko sai an kwana biyu. Na taɓa mayar da ƙafa a likkafa bayan wata goɗiya ta durƙusa da ni, na hau ta har gida don ban ga jini ba. Da safe jijiyar bayan ƙwaurinta ta kumbura ta yi zafi, kuma kusan shekara guda ta yi ba ta aiki. Har yau abin yana damuna, domin tafiyar nan da na ƙara mata ita ta ƙara ɓata jijiyar.

Lokacin da abin ke faruwa

Hannu ne ke fara yin kuskure. Mutum yana jin doki ya nutse sai ya finciki linzami, wai zai ɗaga shi. Ba ka iya ɗaga dokin da kake zaune a kansa. Da wuya da kai yake daidaita kansa, in ka danne masa su ka hana shi abin da zai ceci ku biyun, ƙarfen linzami kuma ya yanke masa harshe ko leɓe. Ka mayar da kafaɗunka baya, ka danna dugaduganka ƙasa, ka bar linzamin ya zame a yatsunka ba tare da ka sake shi gaba ɗaya ba.

In ka tabbata faɗuwa za a yi, fitar da ƙafafu daga likkafa, saki linzami, sunkuyar da haɓa zuwa ƙirji, ka mirgina nesa da dokin. Kada ka miƙe hannu don ka tare ƙasa. Wannan miƙewar ce ke karya wuyan hannu da ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa.

Mutum tukuna

In kai ne ka faɗi, kada ka zabura. Kwanta yadda kake, ka ja numfashi, ka motsa yatsun hannu da na ƙafa, ka saurari wuyanka da bayanka. In kai ne ka tarar da wanda ya faɗi, a fara kama dokin ko a kau da shi, don dokin da ke fafutukar tashi yakan tattake wanda ke kwance.

Sannan ka durƙusa ta wajen kansa ka yi masa magana, ka ce kada ya juya. In yana kukan wuya ko baya, ko ya ce hannu ko ƙafa sun yi sanyi, ko yana jin kamar ana tsira masa allurai, ko ya suma ko da na ɗan lokaci ne, to ka ɗauka ƙashin baya ya taɓu har sai asibiti ta ce a'a. Riƙe kansa da hannu biyu a yadda ka same shi, a kira motar asibiti. Kada a cicciɓe shi, kada a zaunar da shi, kada a cire masa hular kwano sai in ta hana shi numfashi. Ƙashi na iya tsagewa laka ba ta taɓu ba, ɗaukar gaggawa ce ke ƙarasa ɓarnar. In amai ya taso, mutane da yawa su juya shi gefe a tare, kai da wuya da gangar jiki a miƙe kamar gungume. Kada a ba shi ruwa ko abinci, don ƙila a yi masa aiki.

Kai

A nan zan daɗe, domin a nan aka fi yin sakaci. Ƙwaƙwalwa tana iya girgiza a cikin ƙoƙon kai ba tare da an ga ko ƙwarzane ba, kuma yawancin waɗanda hakan ta same su ba sa suma. Alamunta su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ganin dishi-dishi, ƙin haske, da maimaita tambaya ɗaya. Tambaye shi ina kuke, wace rana ce, me ya faru kafin ya faɗi. In ya yi inda-inda, hawa ya ƙare a ranar, ko ya rantse lafiyarsa ƙalau. Bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta warke ba ya fi na farko muni nesa ba kusa ba.

Akwai alamun da ba a jira da su: amai fiye da sau ɗaya, ciwon kai mai ƙaruwa, barcin da ake tayar da mutum da ƙyar, jijjiga, harɗewar magana, raunin gefe ɗaya na jiki, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya girma, ko ruwa garai-garai ko jini daga hanci ko kunne. Asibiti nan take. Wanda ke shan maganin tsinka jini kuwa ya je ko ba ya jin komai. Akwai irin zubar jini a cikin kai da mutum zai tashi ya yi hira har ya yi dariya, bayan 'yan awoyi ya faɗi. Shi ya sa ba a barin wanda ya bugu a ka shi kaɗai a awa 24 na farko, ba ya tuƙi, ba ya shan barasa. In ciwo ya dame shi a ba shi farasitamol, a guji asfirin da ibuprofen a kwana ɗaya ko biyu na farko don suna iya ƙara zubar jini.

Jinyar ita ce hutu na kwana ɗaya zuwa biyu, a rage kallon waya da talabijin, sannan a fara 'yar tafiya a ƙasa, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan. Kowane mataki a ba shi aƙalla awa 24, in alamun suka dawo a koma baya. Yawancin manya suna warwarewa cikin mako biyu zuwa huɗu. Ba a komawa kan sirdi sai alamun sun ɗauke kuma likita ya yarda.

A watan Maris na 2010, Courtney King-Dye, wadda ta wakilci Amurka a gasar Olamfik ta 2008, tana horar da wani doki sai ya yi tuntuɓe ya faɗi da ita. Ba tsalle suke ba, kuma ba ta sa hular kwano ba. Ƙoƙon kanta ya fashe, ta yi kusan mako huɗu ba ta farfaɗo ba, ta rayu amma da nakasa a magana da tafiya. Ƙwarewa ba ta hana doki tuntuɓe. Hular da ta bugu kuma ta gama aiki, domin abin da ke cikinta sau ɗaya yake lotsewa ya shanye bugu. Ko ba ka ga tsaga ba, jefar da ita.

Sauran jikin mahayi

Ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa yana cikin waɗanda suka fi karyewa ga mahaya. Za ka ga mutum ya tallafe gwiwar hannu da ɗaya hannun, kafaɗa ta zube. A rataye hannun a wuya a tafi a ɗauki hoto. Yakan haɗe cikin mako 6 zuwa 12. In kafaɗa ce ta goce, kada kowa ya ja ta, domin sau da yawa akwai karaya a tare.

Wuyan hannu yana da tarko. Akwai wani ƙaramin ƙashi a gindin babban yatsa wanda karayarsa ba ta cika fitowa a hoton farko ba. In ka danna ɗan ramin da ke gindin yatsan ka ji zafi, a ɗaure hannun a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14, ko da an ce maka targaɗe ne. Jini ba ya isar ƙashin nan sosai, in aka yi sake da shi ba ya haɗewa.

Haƙarƙari yakan ɗauki kamar mako shida. Ba a naɗe ƙirji da ƙarfi. Haɗarin shi ne mutum ya riƙa gajeren numfashi don gudun zafi, majina ta taru, ciwon huhu ya shiga. Sha maganin ciwo yadda aka rubuta, ka riƙa jan dogon numfashi sau goma kowace awa, in za ka yi tari ka rungume matashi. Sarkin Ingila Wiliyam na Uku, a 1702, dokinsa ya yi tuntuɓe a kan tudun ƙasar da wata 'yar dabba ta tono, ya faɗi ya karya ƙashin da ke tsakanin wuya da kafaɗa. Karayar ba wata babba ba ce, amma bayan kamar mako biyu ciwon huhu ya kashe shi.

Ciki ma a sa masa ido, musamman in doki ya danne mutum ko gaban sirdi ya soke shi. Ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin hagu, ko ciwo a kan kafaɗar hagu alhali ba a bugu a nan ba, yana iya nuna saifa ta fashe, kuma takan jinkirta har kwanaki. Jini a fitsari na nuna ƙoda. Gumi mai sanyi, bugun zuciya da sauri, jiri in an tashi tsaye: jini na zuba a ciki. Ƙafar da doki ya kwanta a kai, in ta kumbura ta yi tauri, ciwon ya fi ƙarfin magani, yatsu suna mutuwa, wannan ma aikin gaggawa ne.

Ƙananan ƙujewa da targaɗe, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora minti 15 zuwa 20 bayan kowace awa biyu ko uku, a ɗaga wurin. Kuma ko ba ka faɗo ba, sa rai da ciwon wuya da baya washegari saboda fizgar.

Yanzu ga doki

Sauka. Ko tuntuɓen bai kai ga faɗuwa ba, in dai mai ƙarfi ne, sauka ka duba. In yana kwance, kada ka tayar da shi da bulala. Ka tsaya ta bayan wuyansa nesa da ƙafafu, ka kwance majayi in za ka iya, ka ba shi 'yan mintuna. Wani numfashi ne kawai ya ɗauke masa.

Da ya miƙe, fara kallonsa daga nesa. Yana taka dukkan ƙafafu huɗu? In ya ɗage ɗaya sam ya ƙi sa ta ƙasa, ko ƙafar tana reto, ko ta lanƙwashe inda ba gaɓa, kada a matsa da shi ko taku ɗaya, likitan dabbobi ya zo inda yake. In yana takawa, bi ƙafafun da tafin hannu daga kafaɗa har kofato, kana gwada hagu da dama. Duba gaban gwiwoyi, da gaban gaɓar da ke sama da kofato, da dunduniya, don ƙafar baya kan sari ta gaba lokacin da yake ƙoƙarin tashi. Ɗaga kofato ka duba tafinsa. In takalmi ya karkace a cire shi. In kuwa ƙusa ko wani tsinke ka gani ya shige ciki, in da hali bar shi har likita ya ɗauki hoto ya ga inda ya kai, ka dai hana doki taka shi. Buɗe leɓe ka duba haƙoran gaba da dasashi da harshe. Jini daga hanci bayan kai ya bugu abin kiran likita ne.

Sannan a ja shi a hankali kana kallo. Dokin da ƙafar gaba ke wa ciwo yakan ɗaga kai in mai ciwon ta taɓa ƙasa, ya sunkuyar in mai lafiyar ta taka. Ko ba ka ga ɗingishi ba, in dai gwiwa ta taɓa ƙasa, ja shi za ka yi zuwa gida, kai ma a ƙasa.

In jini na zuba, danna tsumma mai tsabta da ƙarfi ka ɗaure, in ya jiƙe ka ɗora wani a kai ba tare da ka cire na farko ba. Kada jinin ya firgita ka. Dokin kilo 500 yana da jini kusan lita 40.

Gwiwa: ƙaramin rami ya fi babban yanka haɗari

Abin da muke kira gwiwar gaba ta doki daidai take da wuyan hannun mutum: ƙananan ƙasusuwa bakwai ko takwas a jeri biyu, fata da jijiyoyi kawai suka rufe su, babu tsoka. Shi ya sa tsakuwa guda ke iya hudawa har cikin gaɓa. Babban ƙujewa mai jini yakan zama na fata kawai. Ɗan ramin da ba ka damu da shi ba shi ke kashe doki.

Wanke wurin da ruwa mai yawa. In ba ka da ruwan gishiri na asibiti, tafasa ruwa ya huce, ka sa ƙaramin cokali ɗaya na gishiri a rabin lita. Bar ruwan ya kwashe ƙasa da tsakuwa, kada ka cusa yatsa ko tsinke. Sai ka duba da kyau. In ka ga wani ruwa rawaya-rawaya mai yauƙi yana tsattsafowa, musamman in doki ya lanƙwasa ƙafar, ruwan gaɓa ne, ƙwayoyin cuta sun samu ƙofa. Awoyi ake ƙirgawa a nan, ba kwanaki ba, domin sai an wanke cikin gaɓar an sa magani mai ƙarfi. Abin da ke yaudarar mutane shi ne doki ba ya ɗingishi sosai muddin ruwan na fita, sai ramin ya toshe ciwon ya taso, a lokacin an makara. Ko ba ka ga ruwan ba, duk rauni mai zurfi a kan gaɓa likita ya gan shi a ranar.

Kada ka zuba toka, ko baƙin mai, ko hoda, ko maganin feshi mai launi. Suna ƙona naman da zai warke kuma su rufe wa likita ido. Rufe da abin da ba ya manne wa ciwo, ka naɗa auduga mai kauri, sannan bandeji. A fara naɗe ƙwauri don na gwiwa ya samu abin zama kada ya zame, kuma kada a matse ƙashin da ya turo a bayan gwiwa, yana saurin yin gyambo. In ɗinki za a yi, ya fi kamawa cikin awa shida zuwa takwas na farko, ana cire zaren bayan kwana 10 zuwa 14.

Tambayar da ba a mantawa: yaushe aka yi masa allurar tetanus? Doki na cikin dabbobin da cutar nan mai sandarar da jiki ta fi saurin kamawa, ƙwayoyinta kuma a ƙasa suke zaune. In ba a yi ba ko ba ka da tabbas, a yi masa ta gaggawa a ranar. Kai ma in ka ƙuje, duba taka.

Raunin ƙafar doki yana da halin tsiro da nama ja mai tudu wanda ke haye bakin fata ya hana ta rufewa. Motsi da datti ke kawo shi. In ya fara, likita ne zai yanke shi, ba magani mai ƙuna ba.

Kwana uku na farko

Yanzu ne ɓoyayyun ke fitowa. Safe da yamma ka shafa bayan kowane ƙwauri. Jijiyoyin nan a dokin lafiya sanyi suke, a miƙe, kamar igiya. In ka ji ɗumi, ko laushi, ko wurin ya turo baya kamar baka, ko doki ya janye in ka matsa, jijiya ta taɓu. Zuba ruwan sanyi minti 15 zuwa 20, sau biyu ko uku a rana, a naɗe ƙafar da auduga, a tsare shi a barga. Ana yin sikanin jijiya bayan kamar mako guda, don a kwanakin farko ɓarnar ba ta gama bayyana ba.

Auna zafin jikinsa kullum. Na lafiya digiri 37.5 zuwa 38.5 ne, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16. Zazzaɓi, ƙin ci, ko ɗingishin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, a kira likita. Akwai kuma tsagewar ƙashi da ba ta rabu ba, wadda doki zai yi tafiya da ita kwana da kwanaki, ranar da ya kwanta ya yunƙura zai tashi ƙashin ya ƙarasa karyewa. In likita ya yi zargin haka ya ce a ɗaure shi kada ya kwanta, bi maganarsa sau da ƙafa.

Game da maganin ciwo irin su fenilbutazon: kada ka ba shi kafin likita ya gani. Yana ɓoye ɗingishi, likita ya rasa inda ciwon yake, doki kuma ya ji daɗi ya yi tsalle a kan ƙafar da ba ta da lafiya. In aka zarce da shi yana kawo gyambon ciki da ciwon ƙoda.

Zaman barga da komawa aiki

Dokin da aka tsare a rage masa hatsi sosai, a bar shi da ciyawa da ruwa wadatacce, in ba haka ba ga ciwon ciki ga hauka. Shimfiɗa ta yi kauri. Kula da ɗaya ƙafar mai lafiya, ita ke ɗaukar kayan biyu, kuma cikin kofatonta na iya kumbura. Ɗumi a kofato ko bugun jini mai ƙarfi a bayan gaɓar da ke samansa alama ce.

Ƙujewa da bugu suna wucewa cikin mako ɗaya zuwa biyu. Rauni mai zurfi a gwiwa yakan ci makonni, wani har watanni. Jijiya kuwa wata 9 zuwa 12, kuma a nan ne mafi yawan masu doki ke karaya. Bayan mako shida kumburi ya sace, ɗingishi ya tafi, doki yana haniniya yana neman fita, sai mutum ya ce ya warke. Bai warke ba. Tabo ne ya cike gurbin, kuma tabo ba ya miƙewa kamar jijiyar asali, shi ya sa take saurin sake tsinkewa. Sauri kan haifi nawa.

Tsarin da aka saba, wanda likita zai gyara gwargwadon abin da sikanin ya nuna, shi ne a fara jan sa da ragama minti biyar zuwa goma sau biyu a rana a ƙasa mai laushi daidai, ana ƙarawa har ya kai minti 40 cikin wata uku. Daga nan a hau shi a tafiya zalla. Sassarfa sai wajen wata huɗu zuwa shida, ita ma minti biyu-biyu a miƙaƙƙiyar hanya. Sukuwa ce ta ƙarshe. Ana sake sikanin kafin kowane sabon mataki. Abu ɗaya ake ƙarawa a lokaci guda, ko tsawon lokaci ko sauri, ba duka biyu ba. In ka wayi gari ka ji ɗumi a ƙafar, koma matakin baya.

Me ya sa ya yi tuntuɓen?

Rami, saiwa, santsi, gajiya a ƙarshen doguwar tafiya, waɗannan kowane doki suna iya kayar da shi. Amma wanda ke yawan yi a fili mai kyau yana gaya maka wani abu ne. Fara da kofato. Yana tsiro milimita 6 zuwa 10 a wata, in aka wuce mako shida zuwa takwas ba a gyara ba, gabansa ya yi tsawo ya riƙa kamo ƙasa. Sai ciwon dunduniya, wanda ke sa doki ya fara sa gaban kofato kafin baya. Sai ciwon gaɓoɓi na tsufa, da raunin ido, da sirdin da ke danne kafaɗa, da mahayin da ke kifuwa gaba ko ya yi wa dokin nauyi.

Akwai biyu da ba a cika tunawa ba. Na farko matsalar wuya, inda ƙashi ke matse laka, doki ya kasa sanin inda ƙafafunsa suke. Za ka ga yana jan kofato, yana harɗe ƙafafu in an juya shi a ƙaramin da'ira, yana tangaɗi a gangara. Irin wannan ba a hawansa sai likita ya bincika. Na biyu rashin barci. Doki yana gyangyaɗi a tsaye, amma barci mai nauyi sai ya kwanta. In wuri ya yi masa ƙunci, ko tsoro ko ciwo sun hana shi kwanciya kwanaki da yawa, sai ya riƙa durƙushewa. Tsofaffin tabo a gaban gwiwa da gaɓar ƙasa sukan tona wannan.

Ranar da za ka sake hawa

Kafin ka koma, ka tabbata kana iya ɗaga hannun sama da kai, kana iya riƙe abu da ƙarfi, kana iya sauka da sauri ba tare da zafi ba. Gashin ƙashin da aka rubuta maka a yi shi har ƙarshe. Duba sirdin ma, domin icen cikinsa kan tsage in doki ya mirgina a kai, haka majayi da igiyoyin likkafa.

Tsoro zai zo, kuma ba abin kunya ba ne. Illarsa ita ce yana sa ka ƙanƙame linzami, ka sunkuya kana leƙen ƙasa, wato daidai zaman da ke jawo wani tuntuɓen. Ka fara da doki mai sanyin hali, a fili mai kyau, wani yana tsaye kusa, minti goma na tafiya kawai. Ɗaga kai ka kalli inda za ka, ka bar wa doki wuyansa. Washegari ka ƙara minti biyar. In bayan wata guda har yanzu faɗuwar tana dawo maka cikin barci, ko gabanka na faɗuwa da ka ga sirdi, gaya wa likita, domin girgizar ƙwaƙwalwa kanta tana barin irin wannan, kuma ana maganinsa.